Cinikin Biri a Sama: Tarihin Uwar Garke da Manhajar Linux a Kano

A watan Fabrairun shekarar 1851, zamanin Sarkin Kano Usman, Bajamushen nan mai yawon buɗe ido, Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya shigo birnin Kano ya zazzaga Kasuwar Kurmi. Cikin abubuwan da ya lissafa akwai ruwan takobi, wanda ya ƙiyasta ana shigo da kamar dubu hamsin duk shekara, akasarinsu ƙirar garin Solingen na ƙasar Jamus. Ruwan ne kawai ke ƙetaro Sahara tsirararsa. A nan Kano ake yi masa ƙota, dukawa su ɗinka masa kube, sannan fatake su wuce da shi gaba. Haka ma takardar da malamai ke rubutu a kanta, daga Italiya take zuwa ta hanyar Tarabulus, kuma wadda ta fi shahara a ƙarni na 19 ita ce mai tambarin jinjirin wata uku, wanda ba ya fitowa sai an ɗaga takardar a haske.

Abin da nake son mai karatu ya riƙe a nan shi ne, tun tale-tale Kano ta saba sayen ƙarfen da wani ya ƙera, ta sa masa nata aikin. Sharaɗin kawai shi ne ƙarfen ya yarda a yi aiki a kansa. Wannan tsohuwar magana ce ta dawo mana da sabuwar riga a farkon shekarun 2000, lokacin da masu shagunan intanet da jami'o'i suka shiga sayen kwamfutar da ake kira uwar garke.

Mece ce uwar garke?

Kowace kwamfuta tana da gangar jiki da ruhi. Gangar jikin ita ce ƙarfen da ake taɓawa, ruhin kuma shi ne manhajar da ke motsa shi. A cikin manhajoji akwai babba, wadda sauran ke zaune a kanta, irin su Windows da Linux da FreeBSD. Ita kuwa uwar garke, wadda ma'aikata ke ce wa saba, kwamfuta ce da aka ware don ta yi wa sauran hidima: ta raba masu intanet, ta adana masu bayanai, ta karɓi wasiƙu ta aika. Ba a kashe ta dare da rana, kuma in ta tsaya kowa ya tsaya.

To, babbar manhaja ba ta jin yaren kowane ƙarfe kai tsaye. Katin sadarwa da faifan ajiya da modem, kowanne yana buƙatar wata 'yar manhaja da ake kira direba, wadda aikinta tafinta ne tsakaninsu. Kamfanin da ya ƙera kati shi ya san sirrinsa, saboda haka shi ke rubuta direban, kuma a wancan zamani Windows kaɗai akasarinsu ke rubuta wa, don can kasuwa take. Ita Linux manhaja ce buɗaɗɗiya, wato asalin rubutunta a fili yake, kowa na da damar ya karanta, ya gyara, ya kwafa ya ba wani ba tare da ya biya kuɗin lasisi ba. Amma in kamfani ya ɓoye bayanin katinsa, masu rubuta Linux ba su da yadda za su yi, sai dai lalube. Wanda ya sayi irin wannan kati ya yi cinikin biri a sama ke nan: ga ƙarfe sabo fil a hannu, ga manhaja kyauta, amma ba mai jin maganar wani.

Rigimar ta faro ne daga firinta

Wajen shekarar 1980, kamfanin Xerox ya ba ɗakin binciken kwamfuta na jami'ar MIT da ke Amurka kyautar wata firinta, wadda ta riƙa cushe takarda. Wani ma'aikacin wurin, Richard Stallman, ya so ya gyara manhajarta don ta riƙa sanar da mutane in ta cushe, kamar yadda ya yi wa tsohuwar firintarsu. Da ya nemi asalin rubutun manhajar sai aka hana shi, saboda an yi yarjejeniyar rufe baki da kamfanin. Wannan na daga cikin abubuwan da suka tunzura shi ya shelanta shirin GNU a watan Satumbar 1983, da nufin samar da babbar manhaja wadda ba mai iya kulle ta.

Gurbin da ya rage a shirin, wato ƙwaryar manhajar mai magana da ƙarfe, wani ɗalibi ne a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya cike shi. A Janairun 1991 ya sayi kwamfuta mai ƙwaƙwalwar Intel 386 da biyan kaɗan-kaɗan, a ranar 25 ga Agustan shekarar kuma ya sanar da abin da yake rubutawa. A cikin sanarwar ya faɗa da bakinsa cewa da wuya manhajar ta taɓa sanin wani faifan ajiya in ba irin wanda ke cikin injinsa ba, domin shi kaɗai yake da shi. Hasali ma fitowar farko allon rubutun Finlan kawai ta sani. Wato dai tun ranar haihuwarta, tambayar da ke bin Linux ita ce: wane ƙarfe ta sani?

'Yan sa-kai ne suka riƙa faɗaɗa amsar. Alal misali, Donald Becker ya rubuta direbobin katunan sadarwa masu yawan gaske, kuma a 1994, a hukumar NASA, shi da Thomas Sterling suka jona kwamfutocin kasuwa guda 16 da Linux suka yi aikin da a da sai injin miliyoyin daloli. Ganin haka manyan kamfanoni suka fara waiwayowa. Dell ya soma sayar da uwar garke ɗauke da Red Hat a 1999, a Disambar 2000 kuma IBM ya ce zai zuba dala biliyan ɗaya a harkar Linux a shekarar da ke tafe. Daga nan aka riƙa wallafa jerin injinan da aka gwada aka tabbatar sun dace, mai saye ya duba kafin ya biya.

Zamanin kafe a Kano

A Nijeriya, jami'o'i ne suka fara ɗanɗana wannan harka. A tsakiyar shekarun 1990, cibiyar kimiyya ta ICTP da ke Trieste a Italiya ta taimaka wa Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife ta kafa hanyar sadarwarta a kan Linux. A farkon shekarun 2000 kuma Gidauniyar MacArthur ta tallafa wa jami'o'i huɗu, cikinsu har da Bayero ta Kano da Ahmadu Bello ta Zariya, kuma harkar kwamfuta da intanet na cikin abin da tallafin ya taɓa. A 2001 aka kafa hukumar NITDA, a watan Agustan shekarar kuma wayar salula ta fara aiki.

Amma talakan cikin birni a kafe ya san intanet. Matashi daga Yakasai ko Mandawari ko Gwammaja zai fito ta ƙofa ya nufi Titin Gidan Zu ko hanyar jami'a ko Sabon Gari, ya sayi tikitin awa ɗaya ya buɗe akwatin Yahoo. Da Amurka ta mayar da cacar bizarta ta intanet zalla a ƙarshen 2003, sannan hukumomin jarrabawa suka koma duba sakamako da katin kankarewa, sai kafe ta zama dole har ga wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba.

Intanet ɗin wancan lokaci ta tauraron ɗan'adam take saukowa, ta faranti irin na VSAT, da tsadar gaske, a raba wa kwamfuta goma ko ashirin. Saboda haka a lungun kafe akwai wata kwamfuta da ba a ba kowa, mai katin sadarwa biyu, ɗaya ya kalli faranti ɗaya ya kalli cikin shago. Masu dabara sukan sa mata Linux da manhajar Squid, wadda ke ajiye kwafin shafin da wani ya buɗe, in na biyu ya nema a miƙa masa daga gida ba sai an sake hawa sama ba. Wasu kuma MikroTik suke sawa, manhajar wani kamfanin ƙasar Latbiya wadda ita ma a kan Linux aka gina ta. Wannan ajiya ita ce bambancin riba da faɗuwa ga mai shago.

Ina ake samun ƙarfen? Sabuwar uwar garke ta HP ko Dell ko IBM sai banki da jami'a da gwamnati. Saura duk gwanjo ne, irin wanda ake ce wa ɗan Kwatano ko Beljiyam, ya sauka a Legas, ya bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ya iso Titin Beirut a Kano. A 2005 ƙungiyar Basel Action Network ta fitar da rahoton cewa kwantena kusan 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ke shiga Legas duk wata, kuma masana harkar a can sun ƙiyasta har kashi 75 cikin ɗari na iya zama shara. Daɗin daɗawa, injin da aka ƙera don ɗaki mai sanyi ya zo ya tarar da ƙurar hunturu da zafin bazara mai haura digiri 40, ga wutar NEPA da ta janareta suna karɓa-karɓa.

Wani abin mamaki shi ne, a wannan kasuwa tsufa ya zama alheri. Injin da ya shekara huɗu ko biyar a duniya, an riga an rubuta wa kayan cikinsa direba, Linux na hawa ta gane komai. Sabon da ya fito jiya shi ne abin tsoro. Katin sadarwa mai ƙwayar Realtek 8139, mai arha kamar banza, da katunan 3Com da na Intel, su ne abokan tafiyar masu haɗa uwar garke, domin ba sa gardama.

Suna ɗaya, ciki daban

Tarkon farko da ya kama jama'a shi ne modem. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanoni suka rage kuɗin ƙira ta hanyar cire rabin kayan cikin modem, suka ɗora aikin a kan direban Windows. Wanda ya sa irinsa a injin Linux don ya kira layin NITEL, shiru kake ji. Maganin da aka sani shi ne a ƙara kuɗi a sayi modem na waje, mai akwatinsa da fitilunsa. Araha dai ba ta ado.

Tarko na biyu ya fi shafar uwar garke. Akwai katin da ake kira RAID, mai rubuta bayani ɗaya a faifai biyu ko fiye, don in ɗaya ya mutu ɗaya ya rage. Na ƙwarai yana da ƙwaƙwalwarsa, na arha kuwa sunan kawai gare shi, direba ke yin aikin. Ko na ƙwaran ma, in kamfani bai saki bayaninsa ba, babbar manhaja ba ta iya sanar da mai injin cewa faifai ɗaya ya mutu, sai ranar da na biyun ya bi shi. A kan haka ne a 2005 masu manhajar OpenBSD, ƙarƙashin Theo de Raadt, suka yi ta neman takardun bayani daga kamfanin Adaptec, da abin ya faskara suka kashe direban wani rukunin katunansa a manhajarsu, suka shawarci jama'a su sayi na wani.

Tarko na uku shi ne canjin ciki ba tare da canjin suna ba. Na'urar raba intanet ta Linksys mai lamba WRT54G ta yi farin jini saboda Linux ce a cikinta. Da aka matsa wa kamfanin ya saki asalin rubutun a 2003, sai masana suka gina OpenWrt a kansa, aka riƙa mayar da 'yar na'urar gida ta yi aikin babba. A 2005 kamfanin ya fito da zubi na biyar, kwali ɗaya, suna ɗaya, amma an rage ma'adanar ciki an kuma sauya manhajar. Daga baya ne ya fito da WRT54GL don masu son tsohon tsari. Daga nan masu sana'ar suka koyi juya na'ura su karanta 'yar lambar zubin da ke ƙasanta, kamar dai yadda ake ɗaga takarda a haske a nemi jinjirin wata.

Marubutan Hausa ma sun san ɗacin wannan rashin jituwa ta wata fuskar. Allon rubutun da ake shigo da shi bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu, ɗan unguwar Daneji a cikin birni, ya ƙirƙiro zubin haruffa masu lanƙwasa, Rabi'at da Abdalla, a shekarun 1990, aka buga littattafai da mujallu da su. Sai dai in an kai rubutun kwamfutar da ba ta da zubin, haruffan su rikiɗe. Tsarin Unicode, wanda kowane kamfani ke iya bi don a fili yake, shi ya kawo ƙarshen wannan wahala.

Shekarar 2007

In akwai shekarar da wannan tarihi ya fito fili a Nijeriya, to 2007 ce. A shekarar ce ƙungiyar AfNOG ta masu kula da hanyoyin intanet na Afirka ta yi taronta da horonta a Abuja, kuma da FreeBSD take koyar da kafa uwar garke. A lokacin kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, yana aiko da faifan Ubuntu kyauta ta gidan waya ga duk wanda ya nema, shirin da ya ci gaba har 2011. Wannan faifai ya zama ma'auni a hannun mai saye, domin ana iya tayar da kwamfuta da shi ba tare da an taɓa abin da ke cikinta ba, a ga abin da ya yi aiki da wanda ya ƙi tun a gaban mai shago.

A shekarar ce kuma aka gwada kwamfutar yara ta shirin OLPC, mai ɗauke da Linux, a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja, kafin kamfanin Lancor ya kai shirin kotu a Legas a kan zargin kwaikwayon allon rubutunsa na Konyin, wanda aka tsara don harsunan Nijeriya.

Babbar rigimar kuwa ta Mandriva ce. Kamfanin na Faransa ya sami cinikin sa Linux ɗinsa a kwamfutocin ɗalibai na Intel Classmate guda 17,000 da za a raba wa makarantun Nijeriya. Ana cikin haka sai labari ya zo cewa za a biya Mandriva kuɗinsa, amma a goge manhajarsa a sa Windows. A ƙarshen Oktoba shugaban kamfanin, François Bancilhon, ya rubuta wa Steve Ballmer na Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa mai zafi, duniya ta ɗauka. Microsoft ya musanta aikata ba daidai ba. A watan Nuwamba asusun USPF na gwamnati, wanda ke biyan kuɗin 11,000 daga cikin kwamfutocin, ya ce Mandriva zai bari a kansu. Darasin a nan shi ne, ƙarfen ya yarda da manhajojin biyu, shi ya sa ma aka sami abin yin gardama a kai. Da an ƙera shi don guda ɗaya, da maganar ta mutu tun a masana'anta.

Can a ƙasashen waje ma lamarin ya fara sauyawa. A Janairun 2007 Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga cikin manyan masu kula da Linux, ya yi tayin rubuta wa kowane kamfani direba kyauta in zai ba da bayanin kayansa. A Mayu Dell ya fara sayar wa jama'a kwamfuta da Ubuntu, a Satumba AMD ya soma sakin takardun katunan hotonsa. Broadcom, wanda katunansa na wayales suka daɗe suna wahalar da mutane, ya saki buɗaɗɗen direba a 2010. Nvidia kuwa, wanda Torvalds ya caccaka a bainar jama'a a 2012, sai a 2022 ya buɗe wani sashe na nasa.

Yadda reshe ya juye da mujiya

Wayar ƙarƙashin teku ta MainOne ta iso Legas a 2010, farashin intanet ya fara sauka, modem ɗin kamfanonin salula ya shiga aljihu, daga bisani wayar hannu ta haɗiye kasuwar kafe. Shagunan da suka rage sun koma cike fom da buga takardu, ciniki kuma ya karkata Farm Centre wajen 'yan waya. Sai dai Linux ba ta tafi da kafe ba. Android da ke cikin yawancin wayoyin Kanawa a kanta aka gina shi, kuma tun Nuwambar 2017 dukkan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da ita suke aiki. A yau kamfanin da ya ƙera uwar garken da ba ta jituwa da Linux, shi zai rasa masu saye.

Amma tsohon ciwon ya koma cikin waya. Direbobin ƙwayoyin waya da yawa a rufe suke, shi ya sa in kamfani ya daina aiko da sabuntawa bayan 'yan shekaru, wayar na nan garau amma ba mai iya ɗora mata sabon ruhi cikin sauƙi. Haka kuma Windows 11, wadda ta fito a 2021, ta gindaya sharaɗin wata ƙwayar tsaro mai suna TPM 2.0 da ƙwaƙwalwa ta baya-bayan nan, a ranar 14 ga Oktoban 2025 kuma Microsoft ya rufe tallafin gama-gari na Windows 10. Kamfanin bincike na Canalys ya yi ƙiyasi tun a 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 na iya zama shara a dalilin haka. Duk wanda ya san hanyar da gwanjo ke bi ya san inda wani kaso nasu zai sauka, kuma mafi yawansu Linux za ta hau su ba gardama.

Kammalawa

Abin da shekarun nan suka koyar bai wuce abu kaɗan ba. A fara zaɓen manhaja kafin a zaɓi ƙarfe, domin tun ran gini ran zane. A nemi sunan ƙwayar da ke cikin kati, kada a tsaya ga sunan da ke jikin kwali. A duba jerin injinan da masu manhajar suka tabbatar, a kuma gwada a shago kafin kuɗi su bar hannu. In hukuma ce ko makaranta, a rubuta sharaɗin dacewa da buɗaɗɗiyar manhaja a cikin takardar kwangila, a kuma ware kuɗin horar da wanda zai kula da injin, don uwar garken da ba ta da makiyayi ba ta daɗewa.

Maganar ta wuce ta masu gyaran kwamfuta. Kano na da rubuce-rubucen ajami a hannun zuri'ar malamai, da takardun tarihi a Gidan Ɗan Hausa, da ɗimbin littattafan adabin zamani waɗanda da yawansu ba a ƙara buga su ba tun fitowar farko. Duk ranar da aka tashi adana su a kwamfuta, a kan wata uwar garke za su zauna. In ƙarfenta na buƙatar direban da kamfani ɗaya kaɗai ya san sirrinsa, to ranar da kamfanin ya rufe ko ya juya baya, amanar ta shiga haɗari. Mandriva kansa ya durƙushe a 2015, amma da yake rubutunsa a buɗe yake, wasu sun ɗauka sun ci gaba da shi da sunan Mageia da OpenMandriva. Takardar jinjirin wata ta haura shekara ɗari ana karanta ta ba tare da neman izinin kowa ba, kuma bai kamata mu yarda da ma'ajiyar da ta gaza haka ba.

Allah Ya sa mu dace, Ya kuma ba mu ikon tambaya kafin ciniki.